Shagon Malam na bayan kasuwar Garwa: zumarsa ta yi, wankin cikinsa ya kwantar da ni asibiti

Tun da labarin ciwona ya bazu a layinmu na masu kayan babur, ba a yin mako guda wani bai tare ni ba ya ce, "Alhaji, wai shagon maganin gargajiyan nan da kake zuwa, kayansa na yi kuwa?" Na gaji da ba da amsa guntu-guntu a tsaye, ga ciniki na jira, shi ya sa na zauna na rubuta komai wuri guda. Sunan shagon ba zan faɗa ba, na mai shi ma haka. Malam nake ce masa, Malam ɗin zan ci gaba da cewa.

Shekaruna 58, a Garwa ta ƙasar Kamaru aka haife ni, kayan babur nake saro wa daga Mubi. A watan Nuwamban 2023 ne wani dare, bayan na ci tuwon dawa miyar kuka na kora da ruwan ƙanƙara na miƙe a kan katifa, ƙirjina ya ɗauki wani irin bugu da ban taɓa ji ba. Wanda ya taɓa ganin karfasa da masunta suka jefo cikin kwalekwale a bakin Binuwai, tana fatal-fatal, ta ɗan yi shiru, ta sake zabura, to haka zuciyata ta kwana tana yi. Da safe uwargida ta ce ko dai a tafi asibiti ko ta kira yayana ya zo ya tafi da ni.

Likitan zuciya ya manna min wayoyi a ƙirji, na'ura ta fitar da doguwar takarda mai zane. Ya ce da Faransanci sunan abin fibrilasiyo. Ni dai karkarwar zuciya nake ce masa. Ya juya bayan takardar magani ya zana min zuciya mai ɗaki huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa. Ya ce ɗakunan sama, maimakon su matse su tura jini gaba, sai su riƙa karkarwa kawai. Jinin da bai samu turi ba yakan kwanta a wani ɗan aljihu da ke jikin ɗakin hagu na sama, ya daskare ya zama gudaji. Ranar da gudajin ya ɓalle ya haura ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Mai irin wannan ciwo, in ji shi, haɗarin shanyewar jikinsa ya ninka na sauran mutane wajen sau 5. Ya rubuta min ƙwaya biyu ban da ta hawan jinin da na daɗe ina sha ina fashi: ɗaya ta rage wa zuciya gudu, ɗaya kuma Sintrom, mai hana jini daskarewa. Ita Sintrom tana da sharaɗi, sai an riƙa ɗibar jini ana wani gwaji da ake kira INR, kuma lambar ta tsaya tsakanin 2 da 3. In ta yi ƙasa, gudaji; in ta yi sama, zubar jini. Akwai sababbin magunguna irin su Xarelto da ba sa buƙatar wannan jele, amma da na ji kuɗinsu a famasi sai na ce a bar ni da jelen.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, ciwon ba ya tasowa in ina ɗaga kwalin kaya ko ina hawa babur. Da dare yake zuwa, bayan na cika ciki. Ƙwannafi ya fara, ciki ya kumbura, gyatsa ta ƙi fita, sai ƙirji ya ɗauka. Na faɗa wa likita, ina tsammanin zai yi min dariya. Bai yi ba. Ya koma kan zanensa ya ja layi ta bayan zuciyar, ya ce wannan bututun da abinci ke bi ne zuwa ciki, kuma ta bayan ɗakin hagu na sama ya ratsa, kusan jingine suke da juna. Sannan akwai wata doguwar jijiya da ta sauko daga kai, ta ba zuciya reshe, ta ba ciki da hanji reshe. Saboda haka a wajen wasu masu wannan ciwo, cin abinci mai nauyi ko tasowar tsamin ciki yakan tayar musu da shi.

Wannan bayanin yana cikin kaina lokacin da na fara shiga shagon Malam, bayan ƙaramar Sallar 2024, tsakiyar Afrilu. Kwana uku na yi ina cin naman Sallah da soye-soye, cikina ya yi tsiri kamar ganga, bayan gida ya ɗauke.

In don tsabta ne, shagon ba shi da na biyu a wannan lungu. Tun daga bakin ƙofa ƙamshin kanumfari da citta ke tarbar mutum. Kwalabe a jere a kanta, kowace da murfinta, babu ƙura duk da iskar Garwa. Buhunan tsamiya da garin kuka da hulba ba a ƙasa suke ba, a kan katako aka ɗora su. Sikelinsa na lantarki ne, fuskarsa na kallon mai saye. Ga benci, ga fanka mai aiki da sola, wanda a watan Afrilun Garwa, da zafi ke haura 40, ita kaɗai ma ta isa ta sa mutum ya zauna. Shi kansa Malam dattijo ne mai fara'a, ba ya gaggawa, yana jin Hausa da Fulatanci da Larabcin Chadi, kowa da harshen da yake masa magana.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Alhaji, ai zuciyarka lafiya lau take. Ciki ne. Dattin ciki ne ke hawa yana danne ta. In aka wanke cikin, shi ke nan."

Na ce a raina, ashe, ga shi ma likita haka ya faɗa. Alhali ba haka likita ya faɗa ba. Likita cewa ya yi ciki na iya tsokano ciwon da yake nan cikin zuciya. Malam kuwa cewa ya yi ciwon ba ya nan sam. Rabin maganar da ya yi daidai shi ya sa na haɗiye ragowar ba tauna.

Na fito da leda mai kaya uku. Zuma lita ɗaya, wadda ya ce daga yankin Ngaundere ake kawo masa, sefa 4,000. Garin zogale sefa 1,500, a sha cokali uku kullum a kunu don ƙarfin jini. Sai wani ƙunshi mai hoton zuciya ja a jikinsa, an rubuta da Faransanci da Larabci cewa yana wanke ciki da jini, sefa 3,500. Ba a rubuta abin da ke ciki ba, ko kalma ɗaya. Ya ƙara min gyara da ɗan dunƙulen jar kanwa, ya ce in ƙwannafi ya taso in jiƙa in sha. Ko sau ɗaya bai tambaye ni wane maganin asibiti nake sha ba. Ni ma, don a yi adalci, ban faɗa ba.

Ƙunshin wankin cikin ya ce a dafa cikin tafin hannu guda a ruwa kofi biyu, a sha da dare, kwana uku a jere. Daren farko, wajen ƙarfe uku, ciki ya murɗa. Kafin kiran assalatu na zaga sau huɗu. Na ji daɗi ma, na ce datti ne ke fita. Dare na biyu na ƙara. Washegari a shago na tashi zan miƙo wa wani yaro sarƙar babur daga saman kanta, sai na ga duhu, ƙafafuna suka yi sanyi kamar ba nawa ba, 'yan maraƙan ƙafata suka ɗaure, ƙirji kuwa ya ɗauki bugun da ya fi na Nuwamba muni. Maƙwabcina mai tayoyi ne ya tare mota aka kai ni.

Kwana biyu na yi a gadon asibiti ana min ƙarin ruwa. Gwajin jini ya nuna sinadarin fotasiyom ya sauka. Uwargida ce ta zo da ragowar ƙunshin a jakarta, ta zazzage a tafin hannu gaban likita, ta shinshina, ta ce, "Likita, wannan ai filasko ne. Shi kakarmu ke ba mu muna yara." Likita ya ce ta yi daidai, kuma ba guba ba ne, har a famasi akwai maganin bayan gida da ake yi da ganyen danginsa, amma a gwargwado ƙanƙani. Cikin tafin hannu guda kuwa, dare biyu, a zafin Afrilu, ga mutum mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari, ruwan jiki ya tsiyaye ya tafi da fotasiyom. Bugun zuciya da lantarki yake tafiya, lantarkin nan kuma da fotasiyom da magniziyom ya dogara. Garin neman ƙiba na samo rama.

Da na fito na jefar da wankin ciki, amma zogalen na ci gaba da sha. Wa zai zargi zogale? A gidanmu akwai bishiyarsa, da kwaɗonsa muka girma. Bayan mako uku na je gwajin INR, lambar da ta saba tsayawa 2.4 ta faɗo 1.6. Likita ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Alhaji, me ka ƙara a abincinka?" Na faɗa masa. Ya ce Sintrom aikinta shi ne ta tare wa bitamin K hanya, domin da shi hanta ke haɗa abubuwan da ke daskarar da jini. Koren ganye kuwa shi ne gidan bitamin K. Busasshen gari cokali uku kullum, a kan miyar da nake ci, ya isa ya rinjayi ƙwayar. Wato mako uku ina yawo a kasuwa, ina jin kaina garau, alhali kariyar da nake biya wa kuɗi ta yi rauni.

A nan ne na yi masa tambayar da ta fi damuna, na ce to likita, in bar miyar ganye ke nan? A Garwa in ka cire yakuwa da kuka da lalo da karkashi da tafasa, wadda Fulani ke ce wa tasba, me ya rage a tukunya? Ya ce a'a, kada in bari. Abin da ake so shi ne daidaito: yadda na saba ci kowane mako in ci gaba a haka, a auna maganin a kan hakan. Abin da ke rikita lissafi shi ne yau babu ganye, gobe kwano cike, ko a kawo gari da ƙwayoyin ganye a ɗora a kai. Ya ƙara da cewa citta da tafarnuwa na cikin miya ba su da laifi, amma in an tattara su da yawa a matsayin magani, mai shan Sintrom ya tambaya tukuna, don su ta ɗaya ɓangaren ake tsoronsu, ɓangaren zubar jini. Haka ƙwayoyin ciwon jiki da 'yan talla ke yawo da su a faranti, irin su diklofenak da ibuprofen da aspirin, ya ce in ɗauke su kamar wuta.

Kanwar ma ba ta tsira ba. Gaskiya tana kwantar da ƙwannafi nan take, na gwada. Sai dai kanwa 'yar uwar gishiri ce, sodiyom ne cike da ita, mai hawan jini da ke jiƙa ta yana sha kullum yana ƙara wa wutar itace ne. Hawan jini kuwa yana sahun gaba cikin abubuwan da ke haifar da karkarwar zuciya tun farko.

Yanzu bari in faɗi abin da ya yi aiki, tunda shi mutane suka fi son ji, kuma a nan ne shagon Malam ya dawo da ɗan mutuncinsa.

Ba wani sirri ba ne, kuma yawancinsa a madafin uwargida aka yi shi. Da can sai bayan Isha nake cin tuwo, malmala biyu, in sha shayi mai kauri irin na mutanen Chadi, in kwanta. Yanzu da an sallame Magariba nake ci, malmala ɗaya, kuma ba na kwanciya sai an yi awa uku. Ƙafafun gadona na wajen kai bulo ɗaya-ɗaya aka sa musu, don tsamin ciki ya daina haurowa. An ce kwanciya ta ɓarin hagu na rage ƙwannafi, amma ni in na juya hagu sai in riƙa jin bugun har cikin kunne, saboda haka ina nan a damata, bulo ya ɗauki sauran aikin. Ruwan ƙanƙara na bar shi, na koma na randa. Sau biyu na kama shi dumu-dumu yana tayar min da ciwon. Goro na rage daga huɗu a wuni zuwa ɓari guda. Likita bai hana ni shi ko shayi ba, ya ce a gwargwado ba su cika zama matsala ba, kowa ya lura da jikinsa. Jikina ya ce ɓari guda.

Rigimar da aka yi a gida ta dunƙulen magi ce. Uwargida biyar take jefawa a tukunya ɗaya, ga gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a wuni, wato ƙaramin cokalin shayi bai cika ba, kuma dunƙulen nan kaso mai yawa na jikinsa gishiri ne. Da aka rage zuwa ɗaya, yara suka yi bore, suka ce miyar marasa lafiya ake musu. Abin da ya sasanta mu daddawa ce da busasshen kifi. Kuma daddawar da ta fi kowace a garin nan, in gaskiya za a faɗa, ta shagon Malam ce: ta kalwa zalla, ba a cika ta da gishiri ba, ba ta wari irin na wadda ta sha damshi. Garin kukarsa ma an tankaɗe shi, ba ka jin yashi a haƙori. Tsamiyarsa sabuwa ce, kunun tsamiya da safe da wake a abincin rana da ruwa isasshe su suka daidaita min bayan gida, abin da na je nema wajen filasko. Zumarsa kuwa ta gaske ce, na kai wa wani Bafulatanin Mbe da ya san zuma ya ɗanɗana, ya ce babu sukari a ciki. Cokali ɗaya nake sa wa a kunu, don komai kyanta zaƙi ce.

Tsire da kilishi sun koma na ranar Juma'a kaɗai. Kifin Lagdo gasasshe ya maye gurbinsu, sau biyu a mako. Malam yana da kwalaben ƙwayar man kifi da ake kawo masa daga Dubai, ya sha yi min tallarsu don zuciya, amma likita ya ce a manyan gwaje-gwajen da aka yi, masu shan ta da yawa sun fi samun wannan karkarwar, saboda haka in ci kifin kansa in bar kwalba. Ayaba da dabino da gyaɗa da dankali suna ba da fotasiyom da magniziyom, su ma na shigar da su, bayan an duba ƙodata an ce lafiya. Mai ciwon ƙoda lissafinsa daban ne.

Nauyina ya sauko daga kilo 96 zuwa 87 cikin shekara guda, da taimakon tafiyar ƙafa bayan Asuba, daga gida zuwa wajen filin ƙwallo na Rumde Ajiya in dawo. Likita ne ya kwaɗaita min wannan. Ya ba ni labarin wani bincike da aka yi a birnin Adelaide na Ostareliya, aka wallafa a 2015, kan mutum 355 masu wannan ciwo da ƙiba, inda waɗanda suka zubar da kashi 10 cikin 100 na nauyinsu kuma suka riƙe hakan suka fi kowa samun sauƙi nesa ba kusa ba. Ni saura kaɗan in kai kashi goman. Uwargida ta ce minsharin da ke hana ta barci ma ya ragu. Ciwon da ke zuwa sau biyu a mako, yanzu sai in yi wata biyu ban ji shi ba. Ban ji shi ba, na ce. Likita ya gargaɗe ni cewa yakan zo ya tafi mutum bai sani ba, shi ya sa Sintrom tana nan ko da na ji garau.

Wannan gaɓar ce ta kai ni ga abin da ban yafe wa shagon ba har yau. Ran da na fara zuwa, da zan fita, Malam ya ce, "In ka yi wata uku a kan kayan nan, Alhaji, da kanka za ka ajiye ƙwayoyin Nasara." Filasko ya wahalar da ni kwana biyu ya wuce. Wannan maganar kuwa, da na ɗauka, ba ta da gyara. Ina da abokin ciniki a Mubi, sa'ana, wanda ya ajiye nasa maganin don ya ji sauƙi. Yau hannunsa na dama a cinyarsa yake, ɗansa ke ƙirga masa kuɗi, in zai ce "sannu" sai ya yi kokawa da harshensa.

Na koma shagon bayan na warware, da takardar gwajin jini a aljihu. Na jira mutane suka ragu, don ba na son tozarta dattijo a gaban yaronsa.

Na ce, "Malam, ƙunshin nan naka ya kwantar da ni kwana biyu."

Ya yi salati, ya riƙe haɓa. Ya ce, "Alhaji, mutum nawa suka sha, ba wanda ya dawo da ƙorafi. Ko dai ka zarce yadda na ce?"

Na ce yadda ya ce na yi. Na nuna masa takardar, na yi masa bayanin fotasiyom da zogale gwargwadon fahimtata. Ya saurara da kyau, ban ga alamar raini a fuskarsa ba. Ya buɗe aljihun teburi ya ƙirgo sefa 3,500 ya miƙo min, na ce ba kuɗi na zo karɓa ba, ya ce sai na karɓa. Na roƙe shi abu biyu: ya riƙa tambayar mutane ko suna shan maganin asibiti kafin ya ba su komai, ya kuma daina cewa a ajiye ƙwaya. Na farkon ya amsa nan take. Na biyun ya yi murmushi ya ce, "Waraka ai ta Allah ce, Alhaji." Na ce haka ne, Malam, amma ba kai za a tura a keken guragu ba.

Har yanzu ina zuwa, kusan duk wata. Daddawa, garin kuka, tsamiya, zuma, wani lokaci dabino in ya samu mai kyau daga Chadi. Farashinsa ya ɗan ɗara na cikin kasuwa, kamar sefa 200 zuwa 300 a kan kowane abu, kuma ba ya ragi, amma ba ya tauye mudu. Yana buɗewa wajen ƙarfe takwas, ya rufe da Magariba, ranar Juma'a sai bayan an sauko. Mai karkarwar zuciya, ko duk mai shan maganin hana jini daskarewa, in zai shiga, ya saya daga buhunan da ke kan katako, waɗanda yake ganin abin da ke cikinsu da idonsa. Kantar da ke bayan Malam, mai ƙunshe-ƙunshe da kwalabe marasa bayanin abin da aka haɗa, ya ɗauki hotonsu a waya ya kai wa likitansa kafin ya kai ko ɗaya baki.

Makon jiya da na je sayen zuma, na tarar da wata tsohuwa a benci tana riƙe da ƙirji tana ba shi labari. Na ji ya ce mata, "Inna, kina shan wani magani na asibiti?" Ta ce tana sha, amma ba ta san sunansa ba, jikanta ke sayowa. Ya yi jim, ya ce ta je ta zo da kwalin tukuna. Ƙunshin mai hoton jar zuciya yana nan a inda na fara ganinsa, a layi na biyu daga sama, sai dai yanzu sefa 4,000 ne.